Filin Tambaya da Amsa: Kifin Gofi a Sabon Akwatin Gilashi

Wasiƙu huɗu muka zaɓo a wannan fitowa, dukkansu a kan ƙaramin kifin adon nan mai jela kala-kala da ake kira gofi. Asalinsa daga arewa maso gabashin Kudancin Amurka ne, wajen Benezuwela da Guyana da tsibirin Tirinidad, ya kuma samo sunansa daga Robert John Lechmere Guppy, wanda ya aika da samfurinsa daga Tirinidad zuwa gidan tarihi na Landan a shekarar 1866. Ana yaba shi da juriya, amma juriyar tana da iyaka, kuma a makonnin farko na sabon akwati aka fi ƙure ta.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na saya wa yarana akwatin gilashi na kiwon kifin ado, tsawonsa santimita 50, faɗinsa 25, zurfinsa 30, tare da filta da tsakuwa. Ranar da na kawo shi gida na cika shi da ruwan famfo na zuba gofi goma sha biyu. Da farko lafiya lau suke, amma da aka shiga mako na biyu sai ruwan ya yi fari-fari, kifayen suka daina kazar-kazar, suka koma saman ruwa suna buɗe baki. Na zubar da ruwan duka, na wanke tsakuwar da soson filtar tas, mai shagon kuma ya ba ni wani shuɗin magani na zuba, amma ga shi biyar sun mutu. Wace cuta ce wannan, kuma wane magani zan saya? Daga wani magidanci a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Bisa ga abin da ka bayyana, ban ga alamar cuta ba, saboda haka kada ka ƙara kashe ko sisi a kan magani. Ruwan ne ke kashe kifayen, domin akwatin sabo ne, bai riga ya sami abin da zai riƙa tsabtace shi ba.

Kifi yana fitar da amoniya ta kafofin numfashinsa da ke gefen kai, kashinsa da ragowar abincin da ya nutse cikin tsakuwa su ma idan sun ruɓe amoniya suke zama. A kogi ko tafki yawan ruwa yana tsinka wannan guba har ba a jin ta, amma a akwatinka ba ta da wurin zuwa. Idan ka ninka 50 da 25 da 30 ka raba da 1000 za ka sami lita 37 da rabi, idan kuma ka cire wurin da tsakuwa ta cinye da ɗan sararin da ake bari a sama, ruwan da kifaye goma sha biyu ke rayuwa a ciki bai wuce lita 32 ba, wato bai cika jarka biyu irin ta 'yan garuwa ba.

Abin da ke raba kifi da wannan guba wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani, kuma rukuni biyu ne. Na farko suna mayar da amoniya ta zama naitirait, wanda shi ma guba ne, domin yana shiga jinin kifi ya hana jinin ɗaukar iskar oksijin, shi ya sa za ka ga kifi yana haki a saman ruwa alhali filta na aiki, kumfar iska na tashi. Rukuni na biyu suna mayar da naitirait ya zama naitiret, wanda illarsa kaɗan ce, kuma canjin ruwa na mako-mako ya isa ya rage shi. Waɗannan ƙwayoyi ba sa yawo a cikin ruwa, manne suke a jikin soson filta da tsakuwa da bangon gilashi, kuma suna hayayyafa a hankali ƙwarai, ta yadda sabon akwati yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yi yawan da za su iya da kashin kifayen da ke ciki. Kafin nan amoniya ce ke fara hawa a makon farko, naitirait ya biyo bayanta a na biyu da na uku, kuma a daidai wannan tsakanin naka suka fara mutuwa. Farin da ruwan ya yi aikin wasu ƙwayoyi ne daban masu cin ragowar abinci, waɗanda ke yawaita cikin kwana ɗaya ko biyu a sabon akwati. Yakan washe da kansa idan an rage abinci.

Na san da kyakkyawar niyya ka yi wankin nan, amma shi ya mayar da hannun agogo baya. Ruwan famfo yana ɗauke da kulorin da hukumar ruwa ke sakawa don kashe ƙwayoyin cuta, kuma kulorin ba ya bambanta masu amfani da masu cutarwa, saboda haka ɗan abin da ya fara taruwa a jikin soson ya tafi. Shuɗin maganin nan, in dai shi ne wanda aka saba sayarwa a shagunan kifin ado mai suna methylene blue, yana da amfaninsa a wurin da ya dace, amma shi ma yana kashe bakteriyar filta, don haka a wani mazubi daban ake amfani da shi, ba a cikin akwatin da ake so ya nuna, wato bakteriyarsa masu amfani su yi yawa, ba.

Ga abin da za ka yi daga yau. Kullum ka janye kashi ɗaya bisa huɗu zuwa ɗaya bisa uku na ruwan, wato lita 8 zuwa 10, da siririn tiyo, kana bin saman tsakuwar da bakinsa don ya zuƙe dattin da ya kwanta, sannan ka mayar da sabon ruwan da ba kulorin a cikinsa, wanda kuma zafinsa ya yi daidai da na akwatin. Hanya mafi tabbas ta cire kulorin ita ce ruwan maganin da ake sayarwa musamman don haka, ɗigo kaɗan a bokiti. Idan ba ka samu ba, ka tari ruwan a buɗaɗɗen bokiti ya kwana biyu kafin ka zuba, domin kulorin yana fita da kansa, sai dai akwai wani nau'insa da ake haɗawa da amoniya wanda ajiya ba ta fitar da shi, shi ya sa na fi son maganin. Ruwan burtsatse ba shi da kulorin, kuma gofi yana son ruwa mai ɗan nauyin ma'adinai, wanda ma'aunin pH ɗinsa (wato awon tsamin ruwa, wanda lambarsa ke hawa idan tsami ya ragu) ke tsakanin 7 da 8, amma ruwan burtsatsen yana fitowa daga ƙasa da ƙarancin oksijin, saboda haka shi ma a bar shi ya kwana a buɗe. Akwai abin lura a nan: gwargwadon hawan pH, gwargwadon ƙaruwar dafin amoniya, har ya zama a 8 ya kusa ninka na 7 sau goma, zafi kuma yana ƙara shi. Ruwan da gofi ya fi so shi ne wanda amoniya ta fi yin kisa a cikinsa, kuma wannan ya sa ba na yarda a yi sakaci da canjin ruwa a makonnin nan. Bokitin da tiyon su zama na kifi kaɗai, kada sabulu ko omo ya taɓa su.

Ka dakatar da abinci na kwana biyu, babu abin da zai same su. Bayan haka sau ɗaya a rana, abin da za su cinye cikin minti ɗaya. Wannan shi ne wurin da za ka fi shan wahala, domin a gida mai yara kowa yana so ya ga kifi ya taso yana cafkar abinci, sai wannan ya barbaɗa wancan ma ya barbaɗa. Ka ɗora aikin a kan yaro ɗaya, ka auna masa abincin rana a murfin kwalba, gwangwanin kuma ka ɗauke shi daga inda hannu ke kaiwa.

Gishiri yana rage shigar naitirait cikin jinin kifi, gofi kuma yana jure shi sosai. Ƙaramin cokali ɗaya a shafe ga kowace lita 10 ya isa, a narkar da shi a kofi kafin a zuba. Gishiri ba ya bin tururi ya fita, saboda haka idan ka canza lita 10, na lita 10 kawai za ka mayar. Idan kuma kana da wani aboki mai akwatin da ya yi watanni yana aiki kifayensa na lafiya, ka roƙe shi ɗan yankin soson filtarsa ko tafin hannu na tsakuwa, ka kawo a jiƙe cikin leda ka saka a taka filtar. Babu abin da ya fi wannan gaggauta nunar akwati, domin ƙwayoyin ne ka ɗauko da ransu.

Idan da hali ka sayi kayan gwajin ruwa na ɗigo. Ranar da amoniya da naitirait suka nuna sifili kwanaki a jere, naitiret kuma yana ƙasa da miligiram 40 a lita, akwatin ya nuna, sai ka koma canza kashi ɗaya bisa huɗu a mako. Soson filta kuwa, idan ya toshe, a cikin ruwan da ka janye daga akwatin za ka matse shi sau biyu ko uku ka mayar, launin ƙasa-ƙasan da ke jikinsa ba abin ƙyama ba ne. Kada ka sayo waɗanda za su maye gurbin biyar ɗin da suka mutu. Bakwai ɗin da suka rage su ne daidai ƙarfin akwatinka.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Akwatina ya kusa wata biyu, amma tun da sanyi ya shigo na ga wasu fararen ɗigo-ɗigo a jikin kifayena da jelarsu, suna goga jiki da tsakuwa. Ga shi a unguwarmu ana ɗauke wuta tun dare har gari ya waye. Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Barka kadai 'yata. Wannan kam cuta ce, kuma sananniya ce a wurin masu kiwon kifi, wata ƙwayar halitta ce mai suna Ichthyophthirius da ke shiga ƙarƙashin fatar kifi tana ci. Ta fi kama kifin da sanyi ko sauyin zafin ruwa ya raunana, kuma abin da ke faruwa da naki ke nan. Gofi yana son ruwa mai zafin digiri 22 zuwa 28 a ma'aunin Salsiyos, amma a tsakiyar hunturu, cikin Disamba da Janairu, ƙaramin akwati a ɗakin da iska ke shiga yakan sauka ƙasa da 20 kafin asuba, da rana kuma ya sake hawa. Wannan hawa da sauka na kullum ya fi sanyin kansa gajiyar da kifi.

Sai kin san yadda ƙwayar ke rayuwa kafin ki iya maganinta. Muddin tana cikin farin ɗigon nan, fatar kifin ta rufe ta, magani ba ya isa gare ta. Idan ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasa ta manne da tsakuwa, ta rarrabu zuwa ɗaruruwan 'ya'ya, su fito suna iyo suna neman kifin da za su kama, kuma a wannan ɗan lokacin ne kaɗai ake iya kashe su. Saboda haka ɓacewar ɗigon ba warkewa ba ce, masu dakatar da magani a ranar da jikin kifi ya washe su ne cutar ke dawo musu ninki. A ruwa mai zafin 26 zuwa 27 zagayen yakan kammala cikin ƙasa da mako ɗaya, a ruwa mai sanyi kuwa yana iya jan makonni.

Ki narkar da gishiri ki riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin kwana biyu har ya kai giram 2 zuwa 3 a kowace lita, wato kusan rabin ƙaramin cokali, ki bar shi haka mako biyu, kina zuƙe dattin tsakuwa duk bayan kwana biyu, kina mayar da gishirin ruwan da kika cire. Idan akwai tsirrai masu rai a ciki ki fitar da su, ba sa jure wannan gishiri. Ki nemi ƙaramar hita ta akwatin kifi mai daidaita kanta da ma'aunin zafi na mannawa, ki kuma janye akwatin daga taga da bakin ƙofa. Da dare ki lulluɓe shi da bargo ta gefe da gefe, ki bar ɗan sarari a sama don iska. Idan an ɗauke wuta sanyi kuma ya tsananta, ki cika gorar roba da ruwan ɗumi ki rufe ta da kyau ki bar ta tana yawo a saman ruwan. Kada ki zuba ruwan zafi kai tsaye.

Ɗaukewar wuta tana da wata illar da ba a gani. Bakteriyar filta suna buƙatar ruwa mai oksijin yana ratsa su, idan filta ta tsaya awanni da yawa sai su fara mutuwa, musamman a filtar da ke rufe. A irin yanayinmu na fi ba da shawarar filtar soso mai aiki da famfon iska, domin soson yana zaune a tsakiyar ruwan akwatin ko da wuta ko babu, famfon kuma ba ya cin wuta sosai, akwai ma mai batir da mai caji. Idan babu ko ɗaya, ki riƙa ɗiban ruwan da kofi kina tsiyaya shi daga sama na 'yan mintoci kafin ki kwanta da kuma da asuba, ki kuma rage abinci a ranakun da wutar ta daɗe. Idan bazara ta zo matsalar za ta juya: ruwa mai zafin digiri 20 yana riƙe oksijin kusan miligiram 9 a lita, mai 30 kuwa kusan 7 da rabi. A lokacin ki cire murfin ki sa raga a madadinsa, domin gofi yana tsalle, ki juya fanka tana busa saman ruwan, kada kuma ki jefa ƙanƙara a ciki.

TAMBAYA: Malam, kifayena takwas lafiyarsu ƙalau da dare, da safe na tarar duk sun mutu, ruwan kuma garau yake. Daga wani mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Allah ya mayar da alheri ɗan'uwa. Cuta ba ta cika kashe kifaye duka a dare ɗaya ba, guba ce ke yin haka, kuma abin da nake zargi da farko shi ne maganin sauro. Sinadaran da ke cikin mafi yawan magungunan feshi da na kunnawa suna da mugun dafi ga kifi, ɗan abin da ya sauka a saman ruwa ko famfon iska ya zuƙa ya tura ciki ya isa. Ka tambayi mutanen gida ko an yi feshi a daren, ko wani ya tsoma hannu da sabulu ko man shafawa. Kafin ka sake sa kifi ka zubar da ruwan, ka ɗauraye akwatin sau da yawa da ruwa zalla, ka sauya soson, ka fara renon akwatin daga farko da kifi biyu ko uku. Nan gaba idan za a yi feshi a kashe famfon iska, a rufe akwatin ruf da leda da jiƙaƙƙen tawul, kada a buɗe sai an buɗe tagogi warin ya fita. Mafi alheri dai a ajiye shi a ɗakin da ba a feshi.

TAMBAYA: Malam, mata zalla na saya guda huɗu don kada su hayayyafa, sai ga 'ya'ya ƙanana a akwatin, washegari kuma na ga sun ragu. Yaya aka yi haka? Daga wata uwargida a Kaduna.

AMSA: Hajiya, ba a yaudare ki ba, matan ne suka zo da abinsu. Gofi ba ta yin ƙwai a waje, haihuwa take yi, kuma macen da ta taɓa zama da namiji a shago tana iya ajiye maniyyinsa a jikinta na watanni, ta haihu sau da yawa a jere ba tare da ta sake ganin namiji ba. Cikin yakan ɗauki kwana 21 zuwa 30, babbar mace kuma tana iya haifar 20 zuwa 50 a lokaci guda. Za ki gane mai ciki da kumburin ciki da baƙin tabon da ke kusa da mafitarta, wanda ke ƙara duhu idan haihuwa ta matso.

Raguwar da kika gani kuwa, manyan ne ke cinye su, har da uwar. Idan kina so su rayu, ki sa tsirrai masu yawan ganye ko dunƙulen zaren roba mai tsabta inda za su ɓuya, ko ki kwashe su da ƙaramar koma zuwa wani mazubi da aka cika da ruwan akwatin, ki kuma rufe bakin filtar da soso don kada ta zuƙe su. Abincinsu shi ne na manyan, a murje shi da yatsa ya zama gari, kaɗan-kaɗan sau uku a rana. Amma ki yi lissafi tun yanzu, domin mata huɗu suna iya cika ƙaramin akwati cikin wata uku, bakteriyar filtar kuma ba za su iya da wannan yawan ba, sai amoniya ta dawo. Idan sun kai mako huɗu za ki fara bambanta su: namiji ya fi ƙanƙanta, launi yana fito masa, fiffiken ƙarƙashin cikinsa kuma siriri ne mai tsini, na mace kuwa mai faɗi ne. Ki raba su a lokacin, kafin su balaga a wata na biyu zuwa na uku.

Waɗanda suka yi miki yawa ki bayar ko ki mayar wa mai shago, kada ki zuba su a rafi ko kududdufi. An kai gofi ƙasashe da dama don ya cinye tsutsar sauro, a wurare da yawa kuma ya yaɗu ya takura wa ƙananan kifayen asali. Idan abin da kike so ado ne ba kiwo ba, maza zalla biyar ko shida su ne zaɓin da ya dace, su ne ma masu launin. Idan kuwa za ki haɗa, ki sa mata biyu ko uku ga kowane namiji ɗaya, domin namiji ba ya barin bin mace, idan ita kaɗai ce sai ya gajiyar da ita har ta daina cin abinci.